Injin wanki ya mutu ana gab da Kirsimeti a Jamus

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da fuskata yau, raina a ɓace yake. Bari in juya kyamarar ku gani da idonku. Kun ga ƙasan banɗakin nan? Duk tawul ɗin gidan nan na kwaso na shimfiɗa suna shan ruwa. Injin wanki ne ya tsaya cak da kaya a cikinsa, ya ƙi juyawa, ya ƙi buɗe ƙofa, sai ruwa ke tsiyaya ta ƙarƙashi. Rigunan sanyin yara suna ciki, zannuwan gado suna ciki. Kuma bai tashi yi mini wannan aika-aikar ba sai da Kirsimeti ta ƙarato.

Na kira masu gyara. Na farkon na'ura ce ta amsa, wai sun tafi hutu sai bayan 6 ga Janairu. Wani ya ɗauka, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce zai ba ni rana a mako na biyu na sabuwar shekara, kuma kuɗin zuwansa kaɗai, kafin ya taɓa ko da sukurdireba, Yuro 80. In na matsu, wai akwai masu aikin gaggawa, su kuwa abin da za su caje ni ya kusa sayen sabon inji. Wallahi sai da na tuna mai gyaran unguwarmu a Kaduna. Ko ranar Sallah ka kira shi, kafin a sauke tukunya ya iso a kan mashin da jakar kayan aikinsa, ya gyara, ya ci abinci, ku yi ciniki daga baya.

To, ke 'yar uwa da kike shirin zuwa ƙasar nan, ki saurare ni da kyau. Kirsimeti a Jamus rufe ƙofa ce. Ranar 24 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana kantuna sun rufe. Ranar 25 hutu, ranar 26 hutu. In Lahadi ta manne musu, shi ke nan, don dama a nan ba a buɗe kanti ranar Lahadi. Sannan mu nan Stuttgart, jihar Baden-Württemberg, 6 ga Janairu ma hutu ne, shi ya sa masu sana'ar hannu da yawa suke haɗe kwanakin su ɓace gaba ɗaya. In madarar jariri ta ƙare miki, ko albasa, ko burodi, babu mai kanti a bakin layi da za ki ƙwanƙwasa wa taga. Sai dai ki nufi babbar tashar jirgin ƙasa ko gidan mai, ki bi layi, ki saya da tsada. Ni tun farkon makon nan na je wajen Baturke mai naman halal na cika firiza, don safiyar 24 ɗin nan in kika ga layin kantuna sai ki rantse yaƙi za a yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne shirun. A Kaduna na tashi, gidanmu katanga ɗaya da maƙwabtanmu Kiristoci 'yan kudancin jihar. Ranar Kirsimeti tun da safe ƙamshin soya kaji ke tashinmu. Kafin azahar kwanuka sun fara shigowa: shinkafa da miya, cincin, lemo. Mama ta juye, ta wanke kwanon, ba ta taɓa mayar da shi haka nan ba, sai ta sa wani abu a ciki. In babbar Sallah ta zo mu ma mu kai musu nama. Yara sun ci ado, tabarau na roba, agogon roba, suna yawo gida-gida cikin hazon hunturu, leɓuna duk sun tsage amma ana ta dariya. A nan fa? Da yammacin 24, wanda shi ne babban daren a wajensu, titi wayam. Sai ƙararrawar coci, sai fitilu a tagogi. Kowa yana ciki da iyalinsa, an rufo ƙofa. Ga shi magariba na yi tun wajen huɗu da rabi, gari bai waye sai bayan takwas. Wanda ya zo ƙasar nan shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya, daren nan yana da nauyi ƙwarai. In kun san wani ɗalibi namu da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, don Allah ku kira shi ya zo ya ci tuwo.

Kuma kun san abin da gidaje da yawa ke ci a wannan babban daren? Kwaɗon dankalin turawa da tsiran nama. Shi ke nan! Sai washegari ake gasa dinya. Ranar da aka fara gaya mini sai da na sake tambaya.

Amma kada in zalunce su, akwai wata tsohuwa a hawan ƙasa, yarana Oma suke ce mata, wato kaka. Ita ta ji ƙarar da injin ya yi ta hawo da sandarta. Ta duba ruwan, ta girgiza kai, ta ce in yi maza in goge kafin ya ratsa silin ɗinta, don a nan in ruwanka ya ɓata gidan na ƙasa kai za ka biya. Wannan ma gargaɗi ne: duk wanda ya kama haya a ƙasar nan ya yi inshorar ɓarnar da zai iya jawo wa wani, kuɗinta a wata bai kai na kofi biyu ba. Sannan ta ba ni makullin nata injin da ke ɗakin wanki a ƙarƙashin ƙasa, amma da sharaɗi. Ta riƙe hannuna ta ce in gama duk wankina kafin Kirsimeti, kada in kuskura in shanya farin zanin gado tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Na ce, "Oma, saboda me?" Ta ce kakarta ta gaya mata a waɗannan dararen iskokai ke yawo, in suka sarƙe a farin zani, to ya zama likkafanin wani a gidan. Jama'a, Bajamushiya ce fa, wadda ta yi aikin ofis har ta yi ritaya! Ashe su ma suna da camfi. Mu aka ce kada a yi shara da dare ana mana kallon ƙauyawa. Ni dai na ce mata to, don injinta ne, kuma girmanta ya wuce in yi mata musu.

Wannan baiwar Allah ita ta koya wa yarana duk al'adun watan nan. A teburinta akwai wani zagayayyen ganyen itace da kyandir huɗu, kowace Lahadi ta kunna ɗaya har a kai Kirsimeti. Daren 5 ga wata yaran unguwa suna goge takalmansu su ajiye a bakin ƙofa, da safe ranar 6 su tarar da cakulan da lemo da gyaɗa a ciki. Auta ta dawo daga makaranta tana kuka wai kowa ya samu ban da ita. Na zaunar da ita na ce mu Musulmi ne, muna da namu bukukuwan, kuma barka da Sallar da take samu ta fi cakulan. Ta yi shiru. Da muka buɗe ƙofa sai ga leda rataye a mariƙin, Oma ta riga ta ajiye musu. Kuma ta karanta bayan kwalin da kanta ta tabbatar babu gelatin ɗin alade, don na taɓa yi mata bayani sau ɗaya ta riƙe. Allah ya shirye ta, ya saka mata.

Ku kula da wannan batun sosai a watan nan. Kek ɗin Kirsimetinsu mai zabibi, sau da yawa an jiƙa zabibin a giya. Wasu cakulan ɗin da giya a cikinsu. Alewa mai taushi, gelatin. Kada kunya ta sa ki karɓa ki jefa a baki, ki juya kwalin ki karanta.

Ga kuma wani abin da ya ƙara mini zafi, ku dubi wannan katakon da ke rataye a ƙofata. Kehrwoche ke nan, makon shara. A yankin nan kowane gida a bene yana da makonsa na share matattakala, goge ta, share bakin titi, fitar da kwandunan shara. An ce tun 1492 aka sa dokar tsabtace titi a garin nan, kuma har yau tana cikin takardar haya. Makon Kirsimeti ya faɗo kaina. In ƙanƙara ta zuba cikin dare, kafin bakwai na safe sai na kwashe ta daga hanyar masu tafiya a ƙasa, don in wani ya zame ya karye, ni za a nema. Kuma maƙwabta suna dubawa, har ƙarƙashin tabarmar goge ƙafa ake ɗagawa. Ba yabon kai ba, ni dai ba a taɓa manna mini takardar ƙorafi ba. Wadda ta tashi tana share tsakar gida da asuba kafin ta tafi makaranta, ba matattakala hawa huɗu ce za ta gagare ta ba.

Kasuwar Kirsimeti kam, gaskiya tana da kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ta Stuttgart tana cikin tsofaffi, tun 1692 ake ambatonta a rubuce, rumfuna kusan 300, kowace an ƙawata rufinta. Mun kai yara. Akwai abin sha mai zafi da suke sha, na manya giya ne, sai ki ce a ba ki na yara, shi ruwan 'ya'yan itace ne da kirfa da kanumfari. Za su ƙara miki kuɗin kofi a kai, in kin mayar su mayar miki, kada ki tafi ki bar kuɗinki. Mu biyar, abin sha da 'yar soyayyar almon a takarda, Yuro 40 ta tafi ban san inda ta bi ba. Ki riƙe jakarki a gaba, cunkoso ne.

To me ake yi da waɗannan kwanakin da aka kulle kowa a gida? Karatu. Wannan kam na yaba musu har zuciyata. Littafi yana cikin manyan kyaututtukan da suke ba juna, kantin littattafai a watan nan cika yake maƙil, ana naɗe wa mutane a takarda mai kyau. Kuma akwai doka, sabon littafi farashinsa ɗaya ne ko'ina, ko a babban kanti ko a ƙaramin shagon unguwa ko a intanet, shi ya sa ƙananan shagunan ba su mutu ba. Sai dai da tsada, mai kwali ya haura Yuro 20. Ni ban cika saye ba. A bakin titinmu akwai wani kabad na gilashi, kowa ya gama da littafinsa ya ajiye, kowa ke so ya ɗauka, ba mai gadi, ba ko sisi. Rabin littattafan yarana daga nan suka fito.

Sannan ga babban laburaren gari da aka buɗe a 2011. Daga waje wani murabba'in gini ne kamar akwati, amma ki shiga ciki, fari fat, matattakala na zagayawa hawa-hawa, littattafai ko ta ina. A saman bangon waje an rubuta kalmar laburare da harsuna huɗu, har da Larabci, ranar da na fara hangowa sai da na tsaya. Katin yara kyauta ne. Har wata na'ura suka sa a bakin shiga don marasa barci, ko tsakar dare ne ka ari littafi. Jiya na kwashi yaran muka cika jaka biyu, don in ba haka ba waya da talabijin za su cinye hutun.

Amma ni abin da nake kewa daban ne. Littattafan Hausa na takarda, irin waɗanda muke haya muna 'yan mata, sirara, bangon ya sha hannu har ya yi laushi, ki karanta na ɗaya da na biyu ki kwana kina jiran na uku don wata ta riga ki ɗauka. Yanzu duk a waya ake turo su, kuma idona ba ya jure wa. Ina so yarana su riƙe littafin Hausa a hannu, don babbar 'yata ta fara mayar mini da amsa da Jamusanci, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na gaya mata, wani mutumin yankin Baden ɗin nan, Schön, tun 1876 ya wallafa ƙamus na Hausa. Bature ya zauna ya yi wa harshenki wannan hidimar, ke da kika sha shi a nono ba ki da hujja.

Don haka duk mai tahowa daga Kano ko Kaduna a watan Janairu, don Allah ya yi mini magana a ƙasan bidiyon nan. Littattafan tatsuniyoyi nake so da na koyon karatu na firamare, ko tsofaffi ne, zan biya kuɗin kilo. A haɗo mini da kuka da daddawa, a ƙulle su da kyau kada su bi littattafan da wari. Kilishi kuwa kada ma ku fara, an hana shigo da nama ƙasashen Turai, a filin jirgi za a ƙwace, wataƙila har da tara. Bari in sauka ƙasa, an ce ƙarfe goma na dare ake daina kunna inji a gidan nan, kuma ina da kwando uku. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya kai mu.