Alƙalancin Tsofaffin Motoci: Wace Tambaya Ake Yi wa Kowace Mota?

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu garaji da tsofaffin direbobi a Maraɗi. An taƙaita gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, Allah ya ƙara girma. Masu garaji, direbobi, da yaran da ke tsaye a baya, sannunku da haƙurin rana.

An ce in yi bayani kan yadda ake alƙalanci a wuraren baje kolin tsofaffin motoci. Na san wani zai ce mu da muke neman ta abinci ina ruwanmu da wasan attajiran Turawa. To, ku ɗan saurara, domin motocin da ake gardama a kansu can, ƴan'uwansu na kwance a bayan gidajenmu, awaki na kwana ƙarƙashinsu.

Abin ya samo asali daga Faransa, tun zamanin keken doki, masu hali suna fitowa a Paris ana kallon wa ya fi tsari. Da mota ta zo sai al'adar ta koma kanta. A Italiya ana yin na Villa d'Este, bakin tafkin Como, tun 1929. A Amurka akwai na Pebble Beach a jihar Kalifoniya, wanda aka fara a 1950. Ƙungiyar duniya mai kula da tsofaffin ababen hawa, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta ce sai mota ta kai shekara 30 kafin a kira ta ta tarihi. Da wannan ma'auni, rabin motocin da ke zuwa kasuwannin ƙauye ranar ci sun cancanta. (Dariya)

Motocin da ake kawowa iri uku ne: wadda ba a taɓa ba tun fitowarta, wadda aka sabunta aka maida ita yadda take, da wadda aka sauya mata halitta. Abin da nake so ku riƙe shi ne ba a auna su da mudu ɗaya. Kowace da tambayar da ake yi mata.

Bari in fara da wadda aka sabunta, don ita ce ta fi yawa. A gasa da dama, mota na shigowa da maki 100, alƙalai suna ragewa duk inda suka ga kuskure. Ba su tambayar ko ta yi kyau. Tambayarsu ita ce: haka ta fito daga masana'anta? A ce Peugeot 404 ce, wadda aka fara ƙerawa a 1960. Za su duba launin fenti ko yana cikin waɗanda kamfanin ya yi a waccan shekara, su duba yadin kujeru, sitiyari, karbirato, har kan kusoshi. Za a ce ka tada ta, ka kunna fitilu, ka danna oda, ka sa abin share gilashi ya yi aiki. Wanda ya sa kujerun fata a motar da ta fito da na yadi, ya kashe kuɗi ya sayi ragin maki. Har wuce gona da iri ana hukuntawa: ka goge injin yana walƙiya fiye da ranar da aka ƙera shi, ka shafa azurfa a inda kamfani ya bar baƙin ƙarfe, alƙali zai rage. Masu fentinmu, ku ji wannan da kyau.

Sai wadda ba a taɓa ba. A nan nake so in daɗe, domin nan ne muke asara.

Shekaru da yawa Turawan ma ba su daraja irin wannan mota ba, kowa sabuntawa yake yi. Daga baya suka lura cewa mota sau ɗaya take zama ta asali. Ranar da ka kankare fentinta, ba kuɗin da zai dawo da shi. FIVA ta fitar da ƙa'idar da ake kira ta Turin, ta fara aiki a 2013, tana cewa alamun tsufa da na amfani ɓangare ne na tarihin mota, a kiyaye su. A 2024 kuwa, motar da ta cinye babbar kyautar Pebble Beach wata Bugatti Type 59 ce ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka. Fentinta duk ƙarzuwa, fatar kujerunta ta tsufa, amma ta doke masu ƙyalli. Karon farko ke nan da motar da ba a sabunta ba ta ɗauki wannan kyauta.

To ta yaya alƙali zai san ba a taɓa ta ba? Kamar dillalin shanu ne a kasuwa: ba ya jin ta bakin mai sa, buɗe bakin san yake ya duba haƙora. Zai ɗora maganaɗisu a jikin mota. Inda ya ƙi kamawa, akwai mastik, wato abin cike lotsewar jikin mota, a ƙasan fenti. Akwai ƴar na'urar auna kaurin fenti, wadda ke nuna inda aka yi shafa biyu. Zai ɗaga robar gilashi ya ga ko fenti ya fantsama a kanta, domin a masana'anta fenti ake fara yi kafin a sa roba. Zai duba walda: ta kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta garaji kuwa kun fi ni sanin kamanninta. Sannan lambobi: ta shasi, ta injin, da ɗan farantin kamfani, a gwada su da kat giriz, wato takardar rajistar mota. Shi ya sa nake roƙonku, tsohuwar takardar mota, ko rasit, ko hoton Alhaji tsaye kusa da ita ranar da aka kawo ta daga Kano, kada a bari gara ta ci. A wurin alƙalai takarda hujja ce.

Ta ukun, wadda aka sauya, ba a tambayarta asali ko kaɗan. A Amurka akwai kyautar Ridler da ake bayarwa a Detroit tun 1964 don irin waɗannan. Ana duba basira, tsabtar aiki, ko ƙofa na rufuwa daidai, ko wayoyi a tsare suke, ko birki ya dace da ƙarfin sabon injin.

Yanzu mu dawo gida. In da za mu jera motocinmu a fili a nan Maraɗi, a wane rukuni za mu sa su? Ku ɗauki 504. Ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, da aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Saboda haka wanda ya zo da littafin Faransa ya auna 504 ta Kaduna, ya zalunce ta. Asalinta Kaduna ne, da Kaduna za a gwada ta.

Sai kuma 404 bashe, wato a-kori-kura, da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Maraɗi, Dan Isa da Jibiya, ko hanyar Dakoro kafin a sa kwalta. An ƙara mata ganyen sifirin don kaya, an yi mata karaga a sama, an canja injin sau nawa. Alƙalin Turai zai ce an ɓata ta. Ni ban yarda ba. Wannan ƙarin ba ado ba ne, hanya ce ta tilasta shi, kuma hannun iyayenmu ne ya yi shi. Ni a ganina sai mu buɗe mata rukuni nata, na motocin aiki, a tambaye ta: gyaran na zamaninta ne? An yi shi da kyau? Akwai wanda zai ba da labarinsa? Abin da ba zan lamunta ba ɗaya ne, a sa wa mota injin Toyota a rufe bonet a ce ta asali ce. Ka faɗi abin da ka yi, a auna ka a kansa.

Alƙalan kuma kada a ɗauko su don rawani ko don aljihu. A sami tsohon makaniki, mai gyaran jiki, da direban da ya tuƙa irinta. Wanda ya gyara mota kada ya yi mata alƙalanci.

(Wani dattijo ya yi tambaya: yana da 504 ta mahaifinsa, fenti ya ƙone da rana, ya sake ko ya bari?)

Baba, Allah ya ja kwana. Kafin komai a duba tsatsa. Mu nan Allah ya taimake mu, ƙasarmu busasshiya ce, ba gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara kamar Turai, don haka sau da yawa ƙarfen lafiya lau yake. In tsatsar ta sama ce, a wanke da ruwa da sabulu mai laushi, a shafa man goge mota, a sa ta a inuwa. In ta ci ƙasan mota ko wurin da ke riƙe da ƙafa, a gyara wurin kaɗai, a ɗauki hoto kafin da bayan aiki. Tayoyi, birki da bututun mai kuwa a canja su, ba alƙalin da zai so ka hau titi da robar da ta shekara 40. Tsofaffin da aka cire a zuba su a buhu a ajiye, kada yara su kai wa masu sayen ƙarfe.