Abin da ya hana Assuriyawa da Kaldiyawa komawa gida

Jama'a masu sauraro, a daren 6 ga Agustan 2014 mayaƙan ISIS suka auka wa garin Karakosh a arewacin Iraƙi, Kiristoci kusan dubu 120 suka watse daga filin Ninawa, akasarinsu zuwa Erbil, babban birnin yankin Kurdawa. An fatattaki ISIS a 2017, amma har yau Assuriyawa da Kaldiyawa, tsofaffin al'ummomin Kiristocin ƙasar, ba su daina ɗaure kaya ba. Kafin 2003 sun haura miliyan ɗaya a Iraƙi. Yanzu mafi yawan ƙiyasi bai kai su dubu 300 ba.

Bindiga ta yi shiru, saura takarda. Mutum ya gudu ya bar gida a Bagadaza, sai 'yan damfara su buga takardar wakilci ta jabu da sunansa, su kai ofishin rajistar filaye, a sayar da gidan yana can Suwidin bai sani ba. Kafin ya ƙwato, sai ya ɗauki lauya, ya yi shekaru yana sintiri a kotu, kuma sau da yawa wanda ya shige gidan yana da ɗaurin gindin masu makami. Ganin haka wasu ke sayarwa da arha tun da wuri, wanda kuwa ya sayar da gidan gado da wuya ya waiwayo.

Sai katin ɗan ƙasa. Sashe na 26 na dokar 2015 ya ce idan ɗaya daga cikin iyaye ya musulunta, a rubuta ƙananan 'ya'yansa Musulmi, ko da a coci suka tashi. Ranar aure da ranar rabon gado ake gane nauyin wannan rubutu.

Shari'ar da ake yi wa 'yan ISIS ma ba ta share wa Kiristocin hawaye ba. Iraƙi ba ta da dokar hukunta kisan ƙare dangi, don haka da dokar ta'addanci ta 2005 ake yanke hukunci: ya isa a tabbatar mutum ɗan ƙungiya ne, ba a bin diddigin ƙauyen da ya ƙona. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken laifukan ISIS, UNITAD, ta tattara nata ya-nata a Satumban 2024.

Kujeru biyar aka ware musu a majalisa, amma kowane mai zaɓe, ko da ba Kirista ba ne, na iya jefa ƙuri'a a kansu. A 2021 ƙungiyar Babila ta Rayan al-Kildani, mai ƙawance da mayaƙan Shi'a, ta kwashe huɗu.

Shi ya sa iyalai ke jibge a Amman, babban birnin Jodan, ba izinin aiki, suna jiran Ostireliya ko dangi a Detroit ta Amurka su kira su.