Amsoshin Tambayoyinku: Saƙar Kaba a Bakin Ƙwarya

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Lokaci ya ɗan ja, don haka kai tsaye za mu shiga wasiƙunku. Yau ma Baba gyartai yana nan tare da mu.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko ana rina kaba kafin a yi saƙar. Ƙwarai kuwa, Hajiya. Karan dafi na ba da ja, baba kuma shuɗi. Wani daga Tamale ya ce ko zai ci gaba da dama fura a ƙwaryar da aka saƙa wa baki. Haba Malam, ka bar ta ta zama ta ado mana! Ruwa zai riƙa kwanciya a saƙar har ta yi fumfuna.

To, ga wadda ta fi yawa. Daga Gombe, daga Damagaram, daga Yola, duk kuka ɗaya: da an zo huda bakin ƙwarya don a ɗaura saƙa, sai ta tsage. Baba, bismillah.

"To ɗana, ai matsalar tun daga gona take farawa. Duman da aka tsinke bai ƙosa ba, ɓawonsa ba shi da kauri, ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya dare. Mu a da sai yaɗon ya bushe ƙarau ake cire duma. A fafe shi, a jiƙa, a kankare cikin har ɗacin ya fita, a shanya a inuwa. Amma yanzu wa ke da wannan haƙurin? Kowa roba, roba. Amarya ma a kai ta ɗaki ba masaki ko ɗaya, ba ludayi..."

Baba, a gafarce ni, hudar dai suke tambaya.

"Ai ita nake zuwa. Ka sa basilla a garwashi ta yi ja, sannan ka ɗora. Kada ka danna, wutar ce ke ci. Ka bar faɗin yatsa daga baki, ka bar faɗin yatsa tsakanin rami da rami. Kabar kuma a jiƙa ta ta yi laushi. Sai ka kwantar da siririn damin ciyawa a kewayen baki, kana naɗe shi da kaba kana bi ta ramukan, kamar dai yadda mata ke ɗinkin faifai. Layin farko ne kawai ke shiga ƙwarya, na biyu na farkon yake kamawa."

Kun ji ko? Bari in maimaita don masu rubutawa. Ƙwarya ƙosassa, basilla mai zafi, faɗin yatsa daga baki, kaba jiƙaƙƙiya. Basilla mai zafi, na ce. Ɗan'uwanmu na Gombe da ya rubuto cewa ƙusa da guduma ya sa, Allah ya shirye ka, ƙwarya ce fa ba katako ba! Ni a ganina ma mai koyo ya fara da ƙoƙo ƙarami, in ya fashe asarar ba ta da yawa, hannu kuma ya saba.

Wata ɗaliba daga Zariya tana son sanin inda za ta samu kayan aiki. 'Yata, ki leƙa wajen masu tabarma da faifai a kasuwarku, in kuma kin shiga Kano, Kasuwar Kurmi ba ta rasa ƙwarya. Mai tambaya kan zanen wuta, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa, ga shi ana ɗaga mini hannu lokaci ya cika. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya.