Kada ka huda keken BMX don rage nauyi

Kalli wannan bututun jikin keken BMX, wato ƙaramin keken da ake wasan tsalle da shi, da kyau. Ramuka 6 aka huda a jikinsa, wai don keken ya yi sauƙin ɗagawa. Wasu samari masu koyon wasan keke na yin haka, kuma yana tayar mana da hankali ƙwarai.

Mu yi lissafi. Kaurin ƙarfen nan bai wuce milimita 1 ba. Rami mai faɗin milimita 10 ba ya cire ko giram 1. Ka huda 20, abin da ka rage bai kai giram 15 ba, a keken da ke da kilo 11 ko 12. Amma duk dirar da ka yi, ƙarfen yana ɗan lanƙwasa ya dawo, kuma daga bakin rami tsagewa ke farawa. Ga ta nan, siririya kamar gashi. Yau ba ka ganinta, gobe tana tsakiyar tsalle ta buɗe. Walda ba ta mayar masa da ƙarfinsa na asali, ko da ƙarfen kromoli 4130 ne, wato ƙarfe mai ƙwari da ake ƙera jikin keke da shi.

To ina nauyin yake, ɗan'uwa? Ga shi a ƙafafun keken. Waɗannan ƙarafan tsayawa guda 4 da ake ɗaurawa a gefen ƙafafun keken, kowanne kusan giram 200 ne. In ba ka fara goga su a dakali ba, kwance su. Sai taya: mai bakin zare ta fi mai bakin waya sauƙi, kuma nauyin da ke juyawa shi ƙafar mai tuƙi ta fi ji. Tib kuwa bar mai kauri, ƙayar aduwa ba ta da tausayi.

Sandar sirdi ta yi tsawo? Yanke da zarto, amma ka bar aƙalla santimita 8 a ciki. Birki bar shi tukuna.

Saura kula. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. Mai ɗigo-ɗigo, sannan ka goge da tsumma, don ƙurar hunturu in ta haɗu da mai, cin haƙoran da sarƙa ke bi take yi. Fedar hagu da sifana 15 ake kwance ta, amma juyinta a baibai yake: ɓangaren da ake ɗaure noti, nan take kwancewa. Kafin ka hau, matse taya, girgiza kan keken, ka saurara ko wani abu na ƙara.