Sharhi: Wa ke riƙe da makullin Kogin Haɗeja?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ruwan Kogin Haɗeja ne, da wanda ke da ikon tsare shi ko sakinsa.

Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, kogin nan da damina yake cika ya malale fadamun Haɗeja har zuwa Nguru, da rani kuma ya ja baya, wasu rassansa su ƙafe ƙaf. A kan wannan mutane suka gina rayuwarsu. Manomi ya yi shinkafa a cikin ambaliya, masunci ya kama kifinsa, ruwa na janyewa a bi danshi a shuka wake, sannan makiyayi ya sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa.

Sai aka yi Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a yankin Ƙaraye a 1992. Ba mai musun amfaninsu. Tumatir da shinkafar Kadawa da Kura daga nan suke sha, haka famfunan birnin Kano. Amma tun daga lokacin, babbar ambaliyar damina ta ragu, ga kuma ruwa ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kachala ke so ke nan. Ciyawa ce da a da rani ke busar da ita, yanzu kuwa ƙafarta ba ta fita daga ruwa. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kwale-kwale ba ya wucewa, taru ba ya shiga. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su faɗa wa gonakin shinkafa da dawa. Da hanyoyi suka toshe, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya nufi Nguru, ya cinye gonaki, alhali mutanen bakin Burum Gana, wani reshen kogin, suna kukan ƙishi. Wannan yanki na Nguru da Marma fa shi ne na farko da Najeriya ta sa a jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000.

In aka yi magana, amsar da ta fi sauƙi ita ce sauyin yanayi. Gaskiya ne, farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, damina kuma ta rikice. Sai dai ba fari ne ya haifar da kachala ba, hannun mutum ne a kan ƙofar madatsa.

To ruwan na wa ne? Tsarin mulki ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce kuma ke kula da madatsun. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato sun kafa asusu don gyaran wannan kwari. Duk da haka, tambayi mai gona a Guri yaushe za a saki ruwa, kuma nawa, ka ji ko ya sani. Sau da yawa sai ya ga ruwan a gonarsa.

A ganinmu, mallakar jama'a daga nan take farawa. A gyara ma'aunan ruwa a Wudil da Haɗeja da Gashuwa, a riƙa karanta sakamakonsu a rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi, a kuma sanar da ranakun sakin ruwa tun kafin a yi shuka.

Akwai kuma batun madatsar Kafin Zaki, da ake ta tayar da maganar gina ta a kan Kogin Jama'are. Yawancin ruwan da ke isa Gashuwa a yau daga Jama'are yake zuwa, shi ne ke wucewa Geidam, ya ratsa kan iyaka ta Diffa a Nijar, ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a ci gaba da wannan aiki, a zauna da mutanen waɗannan wurare, a ajiye musu alƙaluman ruwan a gabansu.

Mu kwana nan.