Ɗakin Tausa a Tailan: Daga Ƙasa Ake Fara Tsara Shi

Ku ɗauka kun shiga wani ɗakin tausa a Tailan, ku dube shi da kyau. Babu gado, katifa ce kawai shimfiɗe a kan daɓen katako, kuma ba rowa ce ta kawo haka ba. Tausar gargajiya ta Tailan, wadda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2019, a ƙasa ake yin ta, mutum na sanye da tufafi masu yalwa, ba a shafa mai. Mai tausa sai ta durƙusa, ta ja ƙafa, ta danna da gwiwar hannu, don haka fili take so ta kowane ɓangare na katifar.

Shi kuwa wanda ake yi wa, yakan daɗe kwance yana kallon rufi. Shi ya sa masu tsara ɗakunan zamani ke ɓoye fitilu a ƙasan bango, hasken ya taso a hankali, kada ƙwan lantarki ya soki ido.

Katakon daɓen na icen tik (teak) ne, wani ice mai ƙarko wanda Tailawa suka daɗe suna gina gidajensu na kan turaku da shi. Otal ɗin Oriental na Bankok ya buɗe wurin tausarsa a 1993 cikin wani tsohon gidan tik a tsallaken kogin Chao Phraya, da jirgin ruwa ake isa daga otal ɗin. Amma tun 1989 gwamnati ta hana sarar itatuwa a dazuzzukan ƙasar, bayan ambaliyar da ta ci rayuka a kudu. Yanzu akan nemo katakon tsofaffin gidaje, a yi bango ɗaya da shi, sauran a cika da kankare da gilashi. Ni dai a idona, tsohon katako ya fi fitowa idan ba shi da abokin takara.

Matashin kai mai kusurwa uku da ake ajiyewa a ɗakin kuwa, audugar rimi ce a ciki, irin tamu sak.

Inda masu kwaikwayon wannan tsari ke tafka kuskure shi ne gunkin Buda, wanda ya kafa addinin da yawancin Tailawa ke bi. Sai su ajiye kansa a ƙasa, ko a bakin banɗaki, wai ado. Ga mabiya addinin, ƙafa ce mafi ƙasƙanci a jiki, kuma nuna ta ga Buda cin fuska ne babba. To ga ɗaki da kowa ke kwance ya miƙe ƙafafu. Mai tsarawa da ya san ƙasar, ko dai ya ɗaga gunkin sama ta wajen kai, ko ya bar shi ya ajiye kaskon ruwa da furen bado.