Me Ke Hana Lauya Barci?

Assalamu alaikum masu kallo. Yau maganar lauyoyi za mu yi, amma ba kotu za mu shiga ba. Lafiyar zuciyarsu za mu duba, musamman 'yan uwanmu Hausawa masu wannan aiki a Makka da Jidda da Madina.

A 2016 ƙungiyar lauyoyin Amurka da gidauniyar Hazelden Betty Ford sun fitar da binciken da suka yi a kan lauyoyi 12,825. Kashi 28 cikin ɗari na da alamun ciwon damuwa, kashi 19 na fama da fargaba. Za ku ce ai wannan can Amurka ne. To, a 2021 ƙungiyar lauyoyi ta duniya ta tambayi lauyoyin ƙasashe da dama, kashi 41 suka ce ba za su gaya wa shugabansu na ofis halin da suke ciki ba, don gudun kada ya shafi aikinsu.

Tushen matsalar na cikin sana'ar kanta. Ɗan kasuwa ya kawo yarjejeniya yana murna, ribar kawai yake hange. Shi kuwa lauya tambaya yake jerowa. In kayan ba su iso ba fa? In abokin cinikin ya rasu bai biya ba fa? In shaida ya juya magana a gaban alƙali fa? Hango sharri tun kafin ya zo, shi ne abin da ake biyansa a kai, kuma wanda ya fi iyawa ya fi suna. Sai dai ƙwaƙwalwar da aka horar haka ba ta san an tashi daga aiki ba. Kamar maigadi ne da ya saba kasa kunne da dare, har da rana tsaka ma takun ɓarawo yake ji. Yaro ya yi tari, shi ya riga ya kai asibiti a ransa. Maigidan ofis ya ce "ka same ni gobe", shi ke nan an kwana ana lissafin kora.

Ga kuma wa'adi. A Saudiyya kwana 30 ke gare ka ka ɗaukaka ƙara, in shari'ar gaggawa ce kwana 10. Wa'adin ya wuce, hukunci ya zauna, haƙƙin mutum ya tafi a hannunka. Yanzu da ƙararraki suka koma Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a, ana zaman kotu ta bidiyo, sanarwa na shigowa ta saƙon waya, kotun ta koma cikin aljihu. Dokokin ma sababbi ne: ta hujjoji da ta zamantakewar iyali sun fara aiki a 2022, ta mu'amalar farar hula a 2023. Wanda ya shekara ashirin a aikin sai da ya koma ɗalibi.

Amma lauyan da ya tashi a unguwanni irin su Shari' Mansur ko Hindawiyya ko Karantina yana da wani kaya a kan wannan. Shi lauyan unguwa ne gaba ɗaya, ko ya so ko bai so ba. A wajen ɗaurin aure za a ja shi gefe a kan iƙama, wato takardar izinin zama, da ta mutu. A zaman makoki a kawo masa rabon gadon gidan da babu takarda. Bayan isha'i inna ta kira: "Ɗana, kafil ya riƙe wa ƙaninka albashi, kai kaɗai muke da shi." Wa ke iya ce wa inna ta zo ofis gobe? Kuɗi ba a maganarsa, kunya ba za ta bari ba. In an ci nasara, Allah ne ya yi, kuma gaskiya ne. In an faɗi, lauya ne bai tsaya ba.

Mafi nauyi kuma, duk abin da ya ji bai da inda zai sauke shi. Doka ta ɗora masa riƙe sirrin wanda yake yi wa aiki, ko matarsa ba zai gaya wa ba, tunda mai ƙarar ma wataƙila 'yar uwarta ce.

Faɗuwar gaba kafin zaman kotu ba ciwo ba ne, takan ma sa mutum ya shirya. Abin da likitoci ke dubawa shi ne fargabar da ta ƙi tafiya bayan an gama shari'ar, ta yi wata shida tana zuwa kusan kullum, ta hana barci, ta kawo saurin fushi, ɗaurewar wuya da kafaɗa, da kasa tattara hankali. Wani ƙirji ke buga masa ya ruga asibiti, a auna zuciya a ce lafiyarta lau. Wani kuma sai ya riƙa gudun buɗe saƙo, ga lauya kuwa nan haɗarin yake, don wa'adi na tafiya.

Wasu za su ce raunin imani ne. Ba mu yarda ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ya yi umarni da neman magani. Azkar da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa ya gano kashi 34 na 'yan Saudiyya kan gamu da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, don haka ba kai kaɗai ba ne a sahu.

Ciwon yana jin magani. Akwai jinya ta tattaunawa da masani, wadda ke koya wa mutum ya yi wa tunaninsa irin tambayoyin da yake yi wa shaida: ina hujjarka? Akwai kuma ƙwayoyi, in likita ya ga da buƙata, ba na aron aboki ba. A ofis, kada wa'adi ya zauna a kan mutum ɗaya, a sa na biyu yana dubawa. 'Yan uwa kuma a ware masu yini guda a mako, a sanar da dattijon gida shi ya isar da saƙon, don daga bakinsa an fi karɓa.

Mai son magana da masani a asirce, akwai layin cibiyar bunƙasa lafiyar ƙwaƙwalwa ta Saudiyya, 920033360, da manhajarsu Qareeboon, sai kuma 937 na ma'aikatar lafiya. In tunanin cutar da kai ya fara zuwa, kada a jira gobe, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.